Babur ɗin da Ya Yi Kuka Bai Yi Gudu Ba

Ƙarfe uku saura aka tsinci Mai Wanki a gefen hanyar da ta bi ta bayan injin niƙa. Yana kwance a kan haƙarƙarinsa na dama, ƙullin kayan da ya ɗauko a ka ya warware, gogaggun riguna sun watsu har cikin lambatu. Ashe ya kusa awa guda a nan rana tana dukansa, domin hanyar ba ta da jama'a da tsakar rana. Da aka ɗaga shi yana da sauran numfashi, amma kafin a samo mota ya cika.

Kafin Mai Sawu ya iso, unguwa ta riga shi. Dattijo ne mai shekara saba'in, ya yi arba'in daga ciki yana bin sawun ɓarayi da dabbobin da suka ɓata. Abin da ya fi ɓata masa rai a duniya shi ne 'yan kallo, ga su kuwa sun fi ɗari, kowa da ƙafa biyu.

"Ku matsa!" ya ce, yana kaɗa sandarsa. "An kashe bawan Allah, kun zo kun tattake ɗan abin da ya bar mana. Wanda ya ƙara taku ɗaya zan ce shi ne."

Aka ja baya. Ya durƙusa da ƙyar, ya gyara tabaransa da aka ɗaure da zare, ya shiga rarrafe. Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Sawun tayar babur ne, bai fi kamu biyu ba, a cikin yashin gefen hanya, irin tayar da kowane babur a garin ke da ita. Sawun ya nutse, alamar kaya ko mutum fiye da ɗaya. Babur ɗin ya kauce, ya yi tangal-tangal, bai faɗi ba. A gefen hagu akwai rabin diddigen takalmin mace, inda ta taɓa ƙasa sau ɗaya ta ɗauke. Da cikakken sawu ne da ya faɗi tsawonta da nauyinta, amma wani ƙato ya take sauran. Babu inda mai babur ɗin ya dire ƙafa biyu, wato bai tsaya ba.

"Walƙiya ne!" in ji wani mai faci. "Na ji kukan injin tun daga rumfata, kamar zai fashe. Wa ke irin wannan gudun a unguwar nan in ba shi ba?"

Jama'a suka ɗauka caa. Walƙiya saurayi ne mai haya da babur, wanda ya taɓa kashe wa mutane kaji da akuya, kuma ba ya gaida kowa. Duk wanda ya taɓa watsa wa ƙura ya tuna a take.

Mai Sawu zai yi magana ke nan wayarsa ta yi ƙara. Surukinsa ne, mijin Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Sannu-Sannu ake ce masa, saboda a kan babur ko kaza ta tsaya a gabansa sai ya jira ta gama shawara.

"Baba," ya ce. "Muna asibiti. Aku ta rasu."

Aku jikarsa ce, shekararta huɗu, shi ya sa mata sunan saboda surutu. Jiya-jiya ta zauna a cinyarsa tana ce masa gemunsa ya tsufa, ya sayo sabo. An ce masa tana ɗan zazzaɓi, ya ce zai leƙo da yamma. Sandar ta suɓuce daga hannunsa, wani ya ɗauko ya miƙa masa, bai ko gani ba.

* * *

Kwana uku Mai Sawu bai kalli ƙasa ba. Yana zaune a ƙofar gidan Auta ana zuwa gaisuwa, yana amsawa da ka. A rana ta huɗu Saje, ɗan sandan da ke kula da unguwar, ya zo da wata mata da idonta ya kumbura. Mahaifiyar Walƙiya ce. Ta zube a gabansa.

"Baba, na san da abin da ke damunka, ka yi haƙuri. Ɗana mara kunya ne, ni na haife shi, na sani. Amma bai kashe kowa ba."

Saje ya ce da ba su kulle Walƙiya ba tun ranar da jama'a sun ƙone shi da babur ɗinsa. Jibi za a kai shi kotu, ga shaidu bakwai, kowanne ya rantse ya ji kukan injin.

"Sun ji, ko sun gani?"

"Sun ji."

Mai Sawu ba ya son tashi. Amma matar tana riƙe da bakin rigarsa, shi kuma ya san yadda rasa ɗa yake, tunda ga 'yarsa can cikin ɗaki ko ruwa ba ta sha. Ya laluba sandarsa.

A ofishin 'yan sanda, a bayan kanta, ya sami Walƙiya leɓe a fashe, ido ɗaya a rufe, amma bakin nan yana nan yadda yake.

"Ina kake ranar da ƙarfe biyu?"

"Bayan gari, ina gwada babur."

"Wa ya gan ka?"

"Baba, ai ni ba a ganina, shi ya sa ake ce mini Walƙiya."

"Za a gan ka jibi a kotu, ja'iri. Wace mace ka ɗauka?"

"Mata ba sa hawa babur ɗina, tsoro suke ji." Sai ya matso kusa da ƙarfen, wasan ya bar fuskarsa. "Baba, sun ce sun ji inji yana ihu. Wallahi nawa ba ya ihu. Ina kan ɗari yana gurnani ƙasa-ƙasa. Ka tambayi Sifana makanike, shi ya gyara mini."

* * *

Gida ɗaya ne kawai ya jingina da hanyar, na wata mata tela. Tagar ɗakin ɗinkinta tana can sama kusa da rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai wayar lantarki. Ta kawo masa kujera, ta yi masa gaisuwar jikarsa, sannan ta koma kan kekenta.

"Kai ne na farko da ya tambaye ni," ta ce. "Maza bakwai sun je sun yi rantsuwa, ni da abin ya faru a bayan bangona ko sallama ba a yi mini ba."

"To ga ni. Me kika ji?"

"Ranar babu wuta, injin niƙa a kashe, unguwa tsit. Na ɗora kalmasar wani zane ke nan na jiyo shi tun daga gada. Ihu yake, har ya danne ƙarar kekena. Shekarata tara a ɗakin nan, na san muryar kowane babur kamar yadda na san tarin mijina. Walƙiya in ya taso daga gada, kafin in kai rabin kalmasa ya wuce. Wannan kuwa na gama gefe guda, na yanke zare, yana nan yana ihu bai iso ba. Har na ce a raina, wannan mai kukan ya fi tafiyar yawa."

"Ya sauya murya?"

"Murya ɗaya tun daga gada. Sai da ya zo daidai nan ya yi kamar ya shaƙe, ɗan kaɗan, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya." Ta sunkuyar da kai. "Da na san abin da ya shaƙe shi ke nan, da na fita. Ina nan ina ɗinki, bawan Allah yana kwance a bayan bangona."

"Kin san muryar?"

"Ban taɓa jin ta ba. Shi ne abin da ya ba ni mamaki."

* * *

Garejin Sifana rumfar kwano ce, ƙasanta ya yi baƙi da tsohon mai. Shi kansa Sifana gajere ne mai son a tambaye shi, domin ya ce duk unguwar ana hawan babur ne da jahilci. Da ya ji tambayar sai ya goge hannu a wando, ya jawo wani babur ya ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya.

"Baba, kuka daban, gudu daban. Ka ga wannan ƙaramin faifan mai haƙora, na gaba? Shi inji ke juyawa, haƙoransa sha huɗu. Sarƙa ta ɗauko daga nan ta kai wa babban faifan da ke jikin tayar baya. Wanda babur ke zuwa da shi haƙora talatin da takwas ne. Kafin taya ta zagaya sau ɗaya, na gaban ya yi kusan uku." Ya juya tayar da hannu, sarƙar ta bi. "To in ka cire na bayan ka sa mai arba'in da takwas, sai na gaba ya yi kusan uku da rabi kafin taya ta yi ɗaya. Inji ya ƙara aiki, taya ba ta ƙara sauri ba."

"To wane wawa ne zai yi haka?"

"Mai kaya. Ƙarfi yake saya. Zai hau tudu da buhu huɗu ko tari ba zai yi ba. Amma gudu ya mutu. Babur ɗin da ke yin casa'in, da ƙyar ya taɓa saba'in, in da mutum a baya ma ba zai kai ba. Ka saka giyar ƙarshe, ka murɗe totur har ya ƙare, inji yana ihu kamar ana yanka shi, kai kuma kana nan kana kallon bishiya ɗaya."

"Walƙiya fa?"

"Shi akasin haka ya yi. Talatin da huɗu na sa masa. Tashinsa nauyi ne da shi, amma in ya miƙe, inji yana hutawa taya tana aiki."

Mai Sawu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Mutum bakwai sun ji ihu sun ce gudu ne, shi kansa da ba don telar nan ba da haka zai ce. Ba mai ganganci ake nema ba. Mai babur ɗin kaya ake nema, wanda ya matsa masa ya yi abin da ba zai iya ba, da mace a baya.

"Wa ka sa wa babba?"

"A bana mutum ɗaya, Dogo mai ruwa. Amma fa ana sayar da faifan a kasuwa, wanda ya iya riƙe sifana zai sa da kansa. Sai dai dole ya ƙara wa sarƙa ƙwaya shida, in ba haka ba ba za ta kai ba."

Dogo bai ɗauki lokaci ba. Mai Sawu ya same shi a bakin famfo yana ɗaure jarkoki. Babur ɗinsa ba shi da wurin zaman baya, an yi masa waldar ƙarfe mai ɗaukar jarka takwas.

"Mace, Baba? A ina zan ɗora ta, cikin jarka?" Ya yi dariya, sannan ya tuna da wanda yake magana, ya haɗiye ta. Ranar tun hantsi yana kan layin ruwa har yamma, saboda rashin wuta, kuma mutum ashirin sun yi faɗa da shi a kan layin, kowanne zai tuna.

* * *

Da yamma ya koma gidan Auta a gajiye. Masu gaisuwa sun ragu. Ya shiga tsakar gida ya zauna a kan tabarma kusa da randa, inda ƙananan takalman Aku suke har yanzu, an rasa mai ƙarfin halin ɗauke su. Sannu-Sannu ya fito ya durƙusa ya gaishe shi. Kwana huɗu sun mai da shi rabin mutum. Mai Sawu yana son yaron nan. Shekara shida yana auren 'yarsa, ko sau ɗaya ba ta kawo ƙara ba, kuma duk safiya sai ya biyo ya tambaye shi ko yana da aike.

Babur ɗin yana jingine a bango, taku uku daga tabarmar. Mai Sawu ba dubawa yake ba, idonsa ne ya saba. Faifan baya ƙarami ne, irin na kowa, har ya ji sanyi a ransa, bai kuma san yana jin tsoro ba sai da tsoron ya sake shi. Sannan ya ga sarƙar. Ta yi ciki, ta sauko kamar igiyar shanya da aka ɗora wa jiƙaƙƙen bargo. An ja tayar baya har ƙarshen raminta don a ɗaure ta, ba ta ɗauru ba. A jikin ƙarfen, gaba kaɗan da inda notin yake yanzu, ga zagayen da ya bari a tsohon mazauninsa, fes, ƙura ba ta rufe shi ba. A cikin baƙar sarƙar kuma akwai ƙwayoyi masu haske a jere. Ya ƙirga su da ido sau biyu, shida ne.

"Aikin ɗaukar bulon nan da ka samu a kan tudu," ya ce, bai ɗago ba, "yaushe ka fara?"

"Kwana goma ke nan, Baba."

"Ta wace hanya kuka bi zuwa asibiti?"

Auta ce ta fito bakin ƙofa, ta jingina da bango. Mai Sawu bai kalli fuskarta ba, ƙafarta ya kalla, ya kuma yi da-na-sanin kallon.

Ya so ƙwarai ya zama tsoho mai mantuwa. Ba wanda ya ga sarƙar sai shi. Ƙwaya shida, minti biyar ya isa a cire su. 'Yarsa ta binne 'ya ranar Talata, ga shi zai raba ta da miji ranar Lahadi. Amma jibi za a kai ɗan wata kotu, ita ma uwa ce, kuma ta riƙe masa riga.

"Gobe ƙarfe goma a bayan injin niƙa," ya ce. "Ka zo da babur ɗin yadda yake. Kada ka taɓa masa komai."

"To, Baba."

Ya tashi ya fita.

* * *

Ƙarfe goma hanyar ta cika. Saje ya zo da Walƙiya da ankwa a hannu. Ga Dogo, ga mai faci da sauran shaidu, ga matar Mai Wanki a zaune kan dutse da 'ya'yanta biyu a tsaye bayanta. Sannu-Sannu ya turo babur ɗinsa da hannu ya tsaya a gefe, mutane suna yi masa sannu da haƙuri. An ɗauka surukinsa ya rako.

Mai Sawu ya sa Tela ta koma ɗakinta ta hau keke. Ya sa Sifana ya hau babur ɗin Walƙiya, ya taso daga gada da iyakar gudu. Ya wuce fiu, ƙura ta bi shi.

"Ba shi ba ne!" Tela ta ƙwala ta taga. "Ko rabi ban kai ba."

Sifana ya sake tasowa da na Dogo. Tun daga gada injin ke kururuwa, mutane suka toshe kunne, suka yi ta jira, yana tahowa kamar ba ya so.

"Irin wannan ne!"

"Wallahi shi na ji," in ji mai faci, ya manta da rantsuwarsa ta farko. Nan da nan aka juya kan Dogo, har wani ya sunkuya neman dutse.

"Ajiye!" Mai Sawu ya daka masa tsawa. "Ranar Talata kun kusa ƙone wancan, yau kuma wannan? Dogo yana layin ruwa, rabinku kun zage shi a can. Irin babur ɗinsa ne, ba nasa ba." Ya numfasa. "Sifana, zo ka duba mini sarƙar wancan."

Ya nuna da sanda. Sifana ya je ya durƙusa, ya ɗaga sarƙar da yatsa, ta biyo shi kusan rabin kamu. Ya juya tayar a hankali har ƙwayoyi masu hasken suka zo gabansa. Ya daɗe a durƙushe.

"Ni na sayar masa da su," ya ce, murya ƙasa. "Makon jiya. Ban tambaye shi na mene ne ba, wallahi na manta. Wannan sarƙar babban faifai ce."

Sannu-Sannu ya sa hannu cikin rigarsa ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Ya warware. Babban faifan ne, an dake shi da guduma har haƙoransa sun karye, ya lanƙwashe. Ya ajiye shi a gaban matar Mai Wanki, ya durƙusa.

"Ni ne, Iya."

Ya faɗa ba tare da ya ɗaga kai ba. 'Yarsa Aku ta fara jijjiga wajen ƙarfe biyu saura, idonta ya juye. Uwar ta rungumo ta suka hau, ya yanke ta nan don ta fi kusa. Ya murɗe totur har hannunsa ya yi ciwo, babur ɗin yana ihu yana ƙin tafiya. Ya sunkuya yana kallon mita, yana roƙon allurar ta motsa, da ya ɗago sai ga mutum da ƙulli a ka.

"Na so in tsaya. Ban tsaya ba. Na ce in na kai ta zan dawo. Da muka isa likita ya duba ta ya ce ta riga ta tafi. Daga nan ban san inda kaina yake ba. Da na ji an kama wani, kullum da safe sai in ce yau zan je, sai bakina ya yi nauyi. Ban cire faifan don in ɓoye ba, Iya. Ganinsa ne ba na iya yi."

Ba wanda ya ɗauki dutse. Waɗanda suka zauna a ƙofar gidansa kwana uku suna ba shi haƙuri suka rasa inda za su sa idonsu. Matar Mai Wanki ta kalli faifan, ta kalle shi.

"Ya yi magana?"

"Na ji ya ce, wayyo, kayan mutane."

Ta rufe fuska da mayafi. "Shi ne," ta ce. "Haka zai ce." Sai a lokacin ta yi kukan da aka ce tun ranar ba ta yi ba.

Saje ya cire ankwar daga hannun Walƙiya, ya tsaya yana juya ta, sannan ya sa ta a aljihu, ya dafa kafaɗar Sannu-Sannu kawai. Sun yi taku kaɗan Sannu-Sannu ya waiwayo.

"Sifana, don Allah ka gaya mini gaskiya. Da ƙaramin ne a jiki, da minti nawa zan rage?"

Sifana ya kalli Mai Sawu, bai sami taimako ba. "Uku. Ko huɗu."

"Huɗu," in ji Sannu-Sannu. Ya gyaɗa kai. "Da na kai ta." Saje ya ja shi suka sha kwana.

* * *

Auta ba ta je wurin ba. Mai Sawu ya same ta a tsakar gida, zaune a inda babur ɗin yake jingina, ɗigon mai a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya tsaya daga nesa. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa ta ce kada ya ƙara tako mata gida, kuma da ta faɗa ba zai ga laifinta ba.

"Sun tafi da shi?"

"Sun tafi."

"Ya ce shi ya ƙi tsayawa, ko?"

"Haka ya ce."

"Ya taka birki, Baba. Har ya fara juyowa. Ni na dake shi a baya na ce ya wuce."

"Kowace uwa abin da za ta ce ke nan, Auta. Da 'ya a hannu tana..."

"Ba ta komai." Ta ɗago, idonta a bushe. "Tun a kan gada ta saki. Tana ƙirjina, na ji lokacin da jijjigar ta tsaya, kanta ya faɗo a hannuna. Na sani. Sai na ga kamar in dai injin bai yi shiru ba, ba ta tabbata ba. Na yi ta ce masa ƙara wuta, ƙara wuta. Lokacin da muka buge tsohon nan ba mu da sauran abin sauri."

Shekara arba'in Mai Sawu yana gaya wa mutane abin da ƙasa ta ɓoye musu, wannan ko kusa da shi bai zo ba.

"Ya sani?"

"Bai sani ba. Kwana biyar ba ya barci, yana cewa faifan ne, shi ya kashe ta da hannunsa ranar da ya sa shi. In na yi shiru, da wannan zai zauna har ya mutu. In na gaya masa, zai san mun bar mutum a rana a kan babu komai, kuma ni na sa shi." Ta kalle shi. "Wanne zan bar masa, Baba?"

Ya jingina sandarsa da bango, ya sauka a hankali har ƙasa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zauna kusa da ita. Ta ɗora kai a kafaɗarsa.

"Ban sani ba, 'yata," ya ce. "Wallahi ban sani ba."